'Yar Tsanar Ummi ta Ɓata

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya Baba da mutanen gida? Yaya ƙarin haƙuri?

Inna, hankalina a tashe yake. 'Yar tsanar da marigayiya Zainabu ta ɗinka wa jikarku Ummi da ƙyallen zaninta ta faɗi a Keke Napep. Tun ranar Ummi ta ƙi abinci, sai kuka, har ta rame. Kullum na tashi daga kamfani sai na zagaye Sharada ina cigiya, shiru. Na sayo ta roba, ta shinshina ta ture, ta ce, "Abba, ba ƙamshin Mama."

A gaida su Kawu, a taya mu addu'a. Don Allah, in akwai zanin Zainabu a wajenku, ku aiko. Kada a wanke shi.

Ɗanku,
Sani