Brina Ta Koma Jiran Tafi

Sinyora Adelia, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Matata Piera ce mai karanta filinki duk mako, ni jaridar ba ta isowa hannuna sai ta gama, lokacin da zan cusa ta cikin takalmin daji ta tsotse laima. Ki yafe min wannan, ki kuma yafe min rubutuna. Karatuna ya ƙare ne ranar da malaminmu da mahaifina suka haɗu a kasuwa, suka yarda cewa gara kowa ya huta.

Ba zan faɗi sunan garinmu ba. A kan tudu yake, yana da hasumiya da tsohon coci, gonakin inabi sun kewaye shi. Kin ga kenan na ɓuya, tunda duk garuruwan nan kewayen birnin Alba na arewacin ƙasarmu Italiya haka suke.

Sana'ata haƙar tartufo, kamar ubana da kakana. Abin nan dai mai kama da dankalin da ya sha wuya, da ke girma a jikin saiwar bishiya can ƙarƙashin ƙasa, wanda mutanen birni ke lumshe ido in an kankara musu shi a kan taliya. Ido ba ya ganinsa, sai hancin kare. Saboda haka in za a yi gaskiya, ni ba ni da sana'a. Karyata Brina ce mai sana'ar, ni ɗan rakiya ne mai riƙe mata sanda da 'yar fartanya. Ba ta da wani asali, uwarta ta wani makiyayi ce, ubanta kuwa har yau ana kan bincike. Amma duk kwarinmu babu hanci irin nata. Ni na horar da ita tun tana cika tafin hannu. Ladarta gutsuren busasshen burodi ne da "yawwa, 'yar albarka" a hankali, kada wani a bayan bishiya ya ji.

'Ya ɗaya gare ni tal, Ilenia. Ta tafi birnin Torino karatu, ta zauna can aikin ofis, ta yi aure, muka koma ganinta Kirsimeti zuwa Kirsimeti. Bara waccan auren ya mutu, ta dawo gida da akwatuna da kumburarrun idanu. Ta daɗe ba ta ko buɗe tagar ɗakinta. Ni da nake iya sa fadan cocinmu dariya a bakin kabari, na kasa sa 'yata murmushi. Ana nan wata safiya ta sauko, ta tsaya tana kallon dandali, ta ce, "Baba, baƙin nan da ke ɗaukar hoton tantabaru, wa ke kai su daji?"

Daga nan ta fara. Takan hau da su hasumiya, ta kai su rumbun giyar inabi na maƙwabcinmu su ɗanɗana, sannan ta kawo su farauta tare da "tsohon mai haƙa na gaske". Wato ni. Ta raba ni da jaket ɗina mai tambarin kamfanin taya, ta zaƙulo tsohuwar baƙar kwat ta kakana da faffaɗar hularsa, duk warin kafur. Piera ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tsoho, in an gama da kai a ba ni aronka, tsuntsaye sun dame ni a lambu."

Fita ta farko na yi musu ta gaskiya. Muka sha laka tun safe har rana ta take, ko ƙwaya ba mu samu ba, wanda ba wani abin mamaki ba ne a wurin mai haƙa. Wata baƙuwa ta bar takalminta ɗaya a cikin taɓo, yana can har yau in tana so. Suka koma suka rubuta a intanet wai tsohon ba ya magana, karen ba ya komai. Ilenia ta ce, "Baba, kowa binne tartufon yake yi kafin baƙi su iso. Mutum ya taso tun daga Japan, gobe jirginsa zai tashi, ba zai zauna jiran daji ya ga dama ba." Na ce, "Ni? In binne abin da zan tono? Ai kakana zai taso ya ƙwace kwat ɗinsa." Sai ta yi dariya. Sinyora, ita ce dariyarta ta farko tun dawowarta. Washegari da sassafe ina durƙushe a kurmin bayan coci ina binnewa.

Kasuwa ta buɗe. Ni in binne da safe, baƙi su zo da hantsi, Brina ta tono, a ɗau tafi kamar an ci ƙwallo. Wannan ya miƙa mata cuku, wancan yankan nama, ni ina hanawa da hannu suna zaton ina sa musu albarka ne. Akwai wani baƙin tartufo da na binne na tono, na binne na tono, har muka shaƙu, na sa masa suna Kawu. Ya bushe ya yi tauri, amma yana nan yana zuwa aiki, kamar ni.

To ga inda abin ya daina ba ni dariya. Da kaka ta shigo, lokacin farin tartufo, wanda shi ne na ainihi, shi muke jira duk shekara, na ɗauki Brina mu biyu zuwa ɓoyayyen wurin haƙa da na gada daga ubana. Irin wannan wuri ba a faɗa wa mata, ba a faɗa wa fada ko a ɗakin ikirari, ɗanka kaɗai ake nuna wa. Ni ma ubana bai nuna min ba sai da ƙafarsa ta daina hawa tudu. Na sake ta. Ta sunsuni takalmina, ta bi sawuna da baya har mota, ta dawo, ta je gindin bishiyar da na dafa da hannu, ta ɗan yagi ƙasa sama-sama, ta zauna. Sai ta waiwaya tana neman mutane. Tafi take jira. Babu kowa sai ni da bishiyoyi. Na rantse miki, sai da na tafa mata, don ban san me zan yi ba.

Na sake gwadawa, na kuma sakewa, duk haka. Ta daina neman tartufo, warin hannuna take nema a kan ƙasar da aka taɓa. Ni na koya mata wannan da kaina, kullum da safe, har ta iya. Na yi dabaru. Na sa safar hannu. Na ɗauki Kawu da abin juya nama na kicin, abin da ya jawo min faɗa da Piera. Daga baya na roƙi Pierar ta riƙa binnewa a maimakona, yanzu ga Brina tana bin ta har ƙofar coci tana jira a tono wani abu.

Akwai abokina Nando, shi ma mai haƙa ne, mun tsufa muna ɓoye wa juna hanya. Da na shiga shagon shan kofi sai ya ɗaga murya, "Ga ɗan wasa ya iso! Yau sau nawa aka tada Kawu daga kabari?" Tsohon karensa Baffo, da ya kurumce ya yi ritaya, yana kwance ƙarƙashin tebur, shi ma kamar dariya yake min. Amma ranar da na faɗa wa Nando gaskiya bai yi wasa ba. Ya ce in aka raba ta da baƙi kakar nan gaba ɗaya, aka mayar da ita daji da busasshen burodi, za ta iya dawowa. In kuwa ta ƙara kaka guda tana tonon abin da aka binne, shi kenan, in saya mata ƙararrawa in ajiye ta a falo.

Ilenia ba ta san abin da ya samu Brina ba. Kakar nan kuwa baƙi sun cika mata ranaku, kuma hoton Brina ne a kan tallarta, har akwai masu zuwa suna kiran sunanta tun daga mota. Ga tsohon maigidanta na ofis ya yi waya daga Torino, wai kujerarta na nan, ta ce masa sai ta ga yadda kakar ta kaya. Piera ta ja min kunne: "Ka ji tana waƙa a kicin? Ka kuskura ka buɗe baki. Kare ne, ka sayi wani." Kamar riga. Na haura saba'in, gwiwoyina suna gaishe ni kafin in gaishe su, horar da sabon kare kuwa aikin shekaru ne. In babu Brina, wurin ubana itatuwa ne kawai. Na so wata rana in nuna wa Ilenia shi, amma ba ta taɓa tambaya ba, a wurinta daji wurin ɗaukar hoto ne.

In na yi shiru zan rasa Brina. In na yi magana ina tsoron akwatunan nan su sake fitowa. Duk rayuwata in abu ya dame ni sai in mayar da shi wasa, wannan ya ƙi. Me zan yi?

Naki,
Mai binne abin da zai tono

*

Baba mai kwat ɗin kaka,

Rubutunka bai buƙaci yafiya ba, kuma na ji daɗi da jaridarmu ke tsare maka takalmi. Na yi dariya a wurare da dama, amma inda ka tafa wa Brina kai kaɗai a cikin kurmi, can dariyar ta tsaya.

Piera ba ta yi laifi ba. Uwa ce da ta ga taga a rufe wata da watanni, ba ta son ta sake gani. Ilenia ma tana da gaskiyarta, baƙon da ya zo kwana ɗaya ba zai iya jiran daji ba. Kai ma kana da taka, domin abin da ke lalacewa ba kare kaɗai ba ne, gadon gidanku ne. Inda na saɓa da kai da matarka wuri guda ne: kun zauna ku biyu kun yanke cewa 'yarku ba za ta iya ɗaukar labari mai nauyi ba. Macen da ta kalli masu hoton tantabaru ta fitar da sana'a daga cikinsu ba mai rauni ba ce. Kuma shirun ba zai tsare ta ba. Wata rana Brina za ta tafi kai tsaye aljihunka a gaban baƙi, Ilenia ta ji a bainar jama'a abin da ya kamata ta ji daga bakin ubanta.

Ka bi maganar Nando, ka janye Brina tun yanzu, ba sai an gama kaka ba. Aikin baƙi kuwa, ga ma'aikaci can kwance ƙarƙashin tebur. Baffo ya kurumce ne, hancinsa bai toshe ba, kuma ba shi da sauran farautar da cuku zai ɓata masa. Ka roƙi Nando aronsa, ka shirya shan tsokana, ka saba. Sannan a daina ɓoye wa baƙi binnewar. A faɗa musu cewa nuni ne na yadda kare ke aiki, a ba ɗayansu ya binne da hannunsa, su ga yadda ake ganowa. Za su tafa kamar da. Masu kiran sunan Brina a ce musu ta koma daji bakin aikinta na gaske. Wataƙila wasu su ji haushi, amma zai fi sauƙi a kan ranar da asiri zai tonu da kansa.

Kafin duk wannan, ka tashi Ilenia da sassafe, ka sa jaket ɗinka na kamfanin taya, ka ce ta bar wayarta a gida, ku tafi wurin ubanka ku uku. Kada ka yi dogon bayani, kuma na roƙe ka, kada ka yi wasa. Ka saki Brina, ka bar ta ta gani da idonta. Ka ce ba ta taɓa tambayar wurin ba. Yaya za ta tambaya, a gidan da ta tashi tana ganin ko uwarta ba a faɗa wa? Kai ma ba ka tambaya ba, jira ka yi. Ka ce ɗa kaɗai ake nuna wa. To ita 'yar wa ce? Kada ka jira gwiwoyinka su yi maka abin da ƙafar ubanka ta yi masa.

Ba zan yi maka alkawarin ba za ta koma Torino ba, wannan nata ne. Amma in ta zauna, ta zauna ne da sanin gaskiya, in kuma ta tafi, za ta tafi da wani gindin bishiya a ranta wanda duk duniya ku biyu kuka san shi, kuma kaka tana zagayowa kowace shekara.

Kawu kuwa ya yi aikinsa. A yi masa binnewa ta ƙarshe, kada a tono. Ina yi wa Piera gaisuwa, tunda na san za ta riga ka karantawa. Allah ya dawo wa Brina da hancinta, ya bar muku waƙar nan a kicin.

Adelia