Zanen da Hafsatu Ta Shimfiɗa

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Fegge lafiya lau, alhamdu lillahi.

Makarantar su 'yarki Hafsatu ta mayar da karatu ta waya, kowa yana ganin ɗakin kowa. Kin san namu, rabi mu, rabi buhunan albasa. Jiya na dawo daga kasuwa na tarar ta lulluɓe buhunan da zanen marigayiya uwarta, wanda na kasa fitarwa daga akwati tun rasuwar.

Ta ce, "Baba, kada 'yan ajinmu su gani."

Na so in yi faɗa, sai na fasa, na bar mata shi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Inna. Zanen yana nan, ban cire ba.

Ƙaninki,
Sani