Ni Ce Bakin Kurame, Maigida Kuma Ya Ce In Sauke Hannuna

Saƙo daga wata 'yar'uwa a Dutse, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure, admin sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Na daɗe ina karanta na mutane a nan, ban taɓa zaton ni ma wata rana zan turo nawa ba. Abin ne ya cika min ciki, kuma duk wanda zan iya gaya wa ido da ido, ko dai dangin mijina ne, ko kuma yana cikin waɗanda abin ya shafa.

Ni matar aure ce, yarana biyu, muna zaune a Takur. Mahaifina kurma ne, tun yana yaro sanƙarau ya tafi da jinsa, sana'arsa ɗinkin takalma a wata rumfa a Yalwawa. Mahaifiyata tana ji, amma ta rasu ina ƙarama, don haka kusan zan iya cewa da hannu na fara magana kafin baki. Wadda ta riƙe ni maƙwabciyarmu ce, ita ma kurma, a nan zan kira ta Inna. Ita ta yi min kitso, ita ta koya min girki, ita ta dake ni in na yi laifi, ban san wata uwa ba bayan ita.

Baba da Inna da wasu kurame suna da wata haɗaka tasu tun ina goye. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai su taru a gindin darbejiyar da ke gaban rumfar Baba, maza a benci, mata a tabarma, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a zuba a asusu, Inna ce mai ajiya. Ba adashi ba ne da kowa zai kwashi nasa, na taimakon juna ne. Wanda matarsa ta haihu, wanda aka kwantar a asibiti, wanda aka yi wa rasuwa, duk daga nan ake tallafa masa. Wanda kuma yake yawon bara ya ce ya gaji, sai a saya masa bokiti da kayan wankin mota, ko keken ɗinki in mace ce. Dokarsu ɗaya ce, duk wanda ya shigo ya ajiye bara. Abin da ya sa suka haɗa kansu shi ne ba inda ake sauraronsu. In sun je banki sai a ce su koma su zo da mai magana, masu adashin unguwa kuma ba sa saka su, wai in rigima ta tashi da wane baki za a yi shari'a da bebe.

A cikin wannan asusun aka biya min kuɗin jarrabawar gama sakandare, a ciki aka saya min gado da katifa da aurena ya tashi. Ni kuma tun ina 'yar makaranta na zama tafintarsu, asibiti ni ce, wurin mai unguwa ni ce, in an kama ɗayansu a kasuwa saboda ya kasa bayani ni ake aikowa a kira. Kafin ni akwai wani mai ji da yake yi musu wannan aikin, ya ce su sayi babur a ba da haya, suka saya da sunansa, ya sayar ya bar gari. Tun daga nan ba sa yarda da mai ji a harkar asusunsu, sai ni, saboda ni tasu ce.

Maigida kuma, tsakani da Allah, bai taɓa wulaƙanta min uba ba. Da yana nemana abokansa sun yi ta zuga shi wai zai haifi bebaye, bai saurare su ba. Ya koyi gaisuwa da hannu, yakan kai ni wurin taron a babur, ya zauna a benci su yi ta dariyar yadda yake kwaɓa maganar hannu, shi ma yana dariya. Baba yana son sa ƙwarai. Matsalar ta fara ne bayan an sallame shi daga wurin da yake aikin wucin gadi, ya buɗe shagon caji da cire kuɗi, shi ma ya karye. Ya shiga wani hali, mutumin da yake da fara'a ya koma sai ya wuni bai ce min uffan ba, cefane ma wani lokacin daga ɗan kitson da nake yi a gida yake fitowa.

Ana nan sai ya zo min da labarin wata ƙungiya da ke tallafa wa masu buƙata ta musamman da suke da sana'a, za ta ba da manyan kekunan ɗinkin takalma masu amfani da wuta, da sola, da jarin fata da roba. Sharaɗin shi ne a kasance ƙungiya mai rajista da asusun banki. Na yi murna sosai, ranar Juma'a na tsaya a gabansu na fassara duk abin da ya faɗa, cewa zai yi musu zirga-zirgar rajista kyauta, su dai su bari ya ɗauke su hoto da bidiyo suna aiki. Inna ta tambaye ni, ke kin yarda? Na ce na yarda, mijina ne. Ta ce to shi ke nan. Kuma gaskiya ya sha wahala, ya yi ta sintiri ofis-ofis a rana, man babur ma wani lokacin rance yake yi.

Kwanakin baya aka kira shi aka ce an zaɓe su, mutanen ƙungiyar tallafin za su zo sati mai zuwa su ga wurin da idonsu kafin a saki kayan. Ina tsakar gida ina wanke-wanke yana waya a zaure, sai na ji yana cewa, e ranka ya daɗe, ni ne ciyaman, sakatare da ma'aji duk za su hallara, su membobin ai ka san yanayinsu, sai an riƙe musu komai. Da ya shigo na tambaye shi wane ne sakatare, wane ne ma'aji, tunda ni na san Baba ne shugaba, Inna ce mai ajiya. Da farko ya ce ba ruwana, da na matsa sai ya gaya min gaskiya. Da sunansa ya yi rajistar a matsayin shugaba, ƙaninsa ne sakatare, wani abokinsa ma'aji, su ukun ne masu sa hannu a banki. Kuraman kuwa sunayensu da hotunansu ne kawai a matsayin membobi. Kekunan ma ba Yalwawa za a kai su ba, tsohon shagonsa zai gyara a saka, ya ɗauki waɗanda suka iya ɗinki yana biyan su kullum, riba kuma tasa da abokan tafiyarsa, ya ce zai riƙa sa wani abu a asusun Juma'a.

Mun yi rigimar da ba mu taɓa yi ba tun da muka yi aure. Na ce masa wannan cin amana ne, ya ce cin amanar me, kuɗin wa ya taɓa? Ya ce ba don shi ba har su mutu ba za su san ana ba da irin wannan tallafin ba, kuma a yanzu nawa Baba yake samu a rumfar, ai abin da zai riƙa biyan su ya fi shi. Ya ce in an damƙa musu injin da ba su san kansa ba, wata biyu ya lalace ko wani ya yaudare su ya raba su da shi. Ya ce shi ma mabuƙaci ne, don kunnensa yana ji ba shi ke nuna cikinsa a ƙoshe yake ba, kuma abincin da zai shigo ni da yarana za mu ci. Abin da yake so da ni shi ne ranar da baƙin za su zo in tsaya in yi tafinta kamar kullum, amma in an yi maganar shugabanci ko inda za a kai kaya, in sauke hannuna, ko in ce musu baƙin suna yaba aikinsu ne. In kuma baƙin sun tambayi kuraman ko sun gamsu da shugabanninsu, ai za su ce e, don su Baba da Inna suke nufi. Da na ce ba zan iya ba, sai ya ce to in zaɓa, duk ranar da na buɗe musu wannan maganar in tabbata a gidan Baba zan ci gaba da zama, kuma ba da yaransa ba.

Na je wurin mahaifiyarsa da kukana, don tana da kirki kuma tana jin maganata. Hajiya ta saurare ni har na gama, ta ce ita ma abin bai yi mata daɗi ba, amma in tuna halin da ɗanta yake ciki, in na tona masa asiri a gaban baƙi kama shi za a yi, wa gari ya waya? Ta ce in yi haƙuri a karɓi kayan tukuna, daga baya ita da kanta za ta sa shi ya kyautata musu. Na dawo gida ban samu abin da na je nema ba. Na san maigida, in abu ya shiga hannunsa da sunansa, ba Hajiya ba, ko wa zai zo ba zai saki ba.

Wani abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne Inna. Yanar ido ta fara kama ta, ido ɗaya ya kusa rufewa, likita ya ce sai an yi aiki. Ku da kuke ji ba lalle ku gane ba, amma kurma in ya rasa ido ya rasa komai, ba zai ga hannun kowa ba, ba mai iya gaya masa ko da sannu. Yanzu ma sai na matso dab da fuskarta take gane abin da nake cewa. Asusun bai kai ya ɗauki aikin ba saboda bana an yi rashin lafiya da yawa a cikinsu, duk sun sa rai in kekunan nan suka zo, ribar farko ta idon Inna ce, sun ma riga sun yanke haka a taro. In na fasa maganar a gaban baƙi, ina tsoron su janye tallafin gaba ɗaya su kai wani gari, kuraman su tashi ba keke ba jari, ga mijina a hannun hukuma, ga aurena ya mutu. In na yi shiru, watakila a samu na aikin idon daga abin da zai riƙa ba su, amma mutanen da suka rufa wa kansu asiri shekara da shekaru za su koma leburori a shagon da aka samu da sunansu. Kuma ba zai ɓoyu ba har abada, akwai matasa a cikinsu da suka yi makarantar kurame, suna karatu, suna da waya. Ranar da suka gane, ba maigida za su kalla ba, ni za su kalla, don da hannuna suka ji komai.

Na yi tunanin in gaya wa Baba a ɓoye, amma yana da hawan jini, kuma na san shi, ba zai iya riƙewa ba, a ranar zai zo gidan. Na yi tunanin in nemi lambar mutanen in kira su ba tare da na faɗi sunana ba, amma wa ya san maganar in ba ni ba? Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar, sai na tuna in ba na nan ƙaninsa zai tsaya ya yi ta wulwula hannu, baƙin ba za su san ba fassara yake ba.

Jiya da la'asar Baba ya zo gidanmu da leda a hannu. Ashe takalmi ya ɗinka wa maigida, na fata mai kyau, wai ya saka ranar da baƙi za su zo don kada a raina mai yi musu magana. Baba ya ce in gaya wa maigida, shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba, amma ya ba shi a wurin aurena. Haka na tsaya a tsakaninsu na faɗa da bakina, kalma bayan kalma. Maigida ya karɓa, ya durƙusa ya yi godiya, bai iya ɗaga ido ya kalli ɗayanmu ba, ya ce ana jiran sa a waje ya fita. Baba ya bi shi da kallo yana murmushi, sannan ya juyo ya ƙura min ido. Kurma ba a ɓoye masa fuska. Ya tambaye ni, me ya same ki? Na ce ciwon kai ne. Ya girgiza kai, ya ce ba ciwon kai ba ne, amma in kin shirya kin san inda rumfata take.

'Yan'uwa, don girman Allah ku gaya min yadda zan yi. In je rumfar in faɗa wa Baba komai kafin baƙin su zo, ko in bari a karɓi kayan tukuna saboda idon Inna? Akwai hanyar da za a gyara rajistar nan a mayar musu da sunayensu ba tare da an kama uban 'ya'yana ba? Masu ilimin addini a cikinku, biyayyar miji ta kai har nan? Kuma matan da ke nan, in ke ce, mutanen da suka raine ki suna zaune a gabanki suna kallon hannunki su ji abin da ake faɗa a kansu, mijinki yana tsaye a gefe yana kallon ki, za ki ɗaga hannun ko za ki sauke?