Shirun da Suka Yanke wa Ladan

Wara, Ngaski.

Zuwa ga ɗana Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya tsare ku. Mu ma lafiya lau, ruwa ya ja baya, gwiwata ce kawai ta ƙi ja.

Tun bara nake jin wai yanzu ana ganin murya da ido, na ce zancen bakin kasuwar Yelwa ne. To, makon jiya na je gidan rediyon da ya ɗauki hirar mahaifinka, yayana Ladan, shekara ashirin da suka wuce, kan tashinmu daga tsohon gari da ruwan Kainji ya ci. Wani ma'aikaci, Sadiq, ya nuna mini muryarsa a kwamfuta, tana hawa tana sauka kamar kunyar gona. Sun yi wa kowane zance launinsa: nan kamun kifi, nan ƙaura, nan kasuwa. Ka taɓa da yatsa, ta kai ka can. Ban ƙi ba, dabara ce.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne, duk inda zanen ya kwanta ya miƙe, sun yanke. Sadiq ya ce ai wurin babu komai, masu sauraro a waya ba su da haƙuri. Babu komai! Ka tuna inda Ladan ya ambaci kabarin Innarmu a gindin tsamiya, wanda yau kifi ke kiwo a kansa? Ya yi shiru mai tsawo, ba ka jin komai sai ruwa na dukan jirginsa. Duk wanda ya saurara a wancan lokaci ya san kuka yake haɗiyewa. Yanzu daga kabarin sai farashin giwan ruwa, ko numfashi babu, kamar wanda ya binne uwarsa ya zarce kasuwa. Jikokinsa haka za su san shi ke nan? Na ce da Sadiq, mai kallon ruwa daga tudu ba ya sanin zurfinsa.

Ya ce zai mayar in an kawo asali, don nasu ya lalace. Kaset ɗin hirar da ka tafi da shi bayan rasuwarsa shi kaɗai ya rage. Ka kwafe shi tukuna, sannan ka aiko ta hannun mutum, ba direba ba.

Ka gaida Bara'atu da yara, da maƙwabcinka Elijah. Innarka Delu tana gaishe ka. Mutum uku suka kawo mini labarin yankan nan ban motsa ba, sai da ita ta zo da wayarta a hannu, ta kunna mini hirar, ta ce in je in tambaye su wane ne wannan, don shekara arba'in tana aure da Ladan bai taɓa yin magana da gaggawa ba.

Wassalam. Baffanka,
Almustapha Mainasara