Sani Ya Tafi Zangon 'Yan Sikawut

Zuwa ga Yaya Hajo a Jos,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan Batsari sai godiya.

Da aka ba da hutu, malamin 'yan sikawut ya ce yara su zaɓi zango, Safana ko Katsina. Na so ɗana Sani ya zaɓi Safana, don in riƙa leƙa shi. Amma ya ce, "Baba, a Katsina za mu yi fareti gaban Razdan, babban Baturen mulki." Na kasa hana shi.

Tun rasuwar uwarsa ban ci tuwo ni kaɗai ba sai yanzu. Wallahi ba ya shiga.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya maido mini shi lafiya. Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Mamman