Ruwan Zafin Anti Yelwa

Laraba, 30 ga Oktoba

Jiya aka cire cikin. Sati tara. Sun ce minti goma aikin ya ɗauka. Ni dai na tuna silin, da safar nas mai hoton kyanwa, sai shayi da biskit.

Ina Handsworth a Birmingham, gidan Anti Yelwa ƙanwar Mama. Mama tana Manchester, a saninta hutun kwaleji na zo yi. Anti ce kaɗai ta sani. Sai Junaidu mai cikin, wanda ya turo "hope ur ok" ya yi shiru.

Na zata zan yi kuka. Na zauna a bakin gado na jira, bai zo ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Anti ta tafasa ruwa a tukunyar tuwo, ta sirka a bokiti, tana tsoma tawul tana danna min ciki da baya. Kamar mai jego. Babu ganyen darbejiya a Birmingham, ta ce haka za mu yi maneji. Sannan kunun kanwa, kofi cike.

Na ce takardar da asibiti suka ba ni ba ta ce a yi haka ba.

"Takarda ta taɓa haihuwa ne? Shifa, mahaifarki ɗanya ce yanzu. In ba a gasa ta ba sanyi ya shige ta, shi ke nan, sai dai ki goyi na wasu."

Shekarar Anti sha huɗu da aure, ba ta da ɗa. Ban tambaya ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na dawo Longsight, unguwarmu a Manchester. Kwana arba'in ake yi, in ji Anti, ni uku na samu. A tasha ta cusa min ƙullin kanwa a aljihun jaket. "Ko da kettle ne ki ci gaba."

Tun ina shekara sha biyu nake da sunayen yara huɗu a bangon littafin lissafi. Biyu mata, biyu maza. Yanzu ina sha takwas. A bas na yi ta kallon motorway ina tunanin wataƙila na sayar da su duka huɗun a minti goma. Tunanin ya zo ya wuce kamar allon hanya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Jinin ya koma ruwan ƙasa. Marata na ɗan murɗawa in na hau bene.

Na buɗe littafin da nake karantawa kafin abin. Amarya ta yi amai sau ɗaya, shafi uku gaba sai ga tagwaye da ragon suna. Ba wadda take sayen pad a cikin littattafan nan. Na karanta layi ɗaya sau biyar na rufe.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mama ta tsaya a bakin ƙofa da sallaya a hannu. "Wannan wane irin fashin sallah ne, mako biyu?"

Na ce stress ɗin jarrabawa ne. Ta kalle ni, ta ce in kira GP, likitan unguwa.

Watan Satumba da Oktoba fashin ƙarya na yi don kada ta lura. Yanzu ga jini na gaske, ban ma san ko irinsa yana hana sallah ba. Wa zan tambaya? Na yi wanka na fara sallah yau. Bakina na karatu, ni ina tsaye a gefe ina kallo.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kullum in Mama ta fita kasuwa ko aiki, kettle uku, bokitin mopping da na wanke, tawul. Kwana sha shida ke nan in na haɗa da na Birmingham, ban da waɗanda na tsallake.

Yau na ji mukullinta a ƙofa ban gama sirkawa ba. Na ja bokitin da sauri ya tuntsure a cinyata.

Fatar ta yi ja, ta tashi. Na tsaya ina kallonta kamar cinyar wata.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Nas ɗin GP ta ɗaure min ƙunar. Ta tambayi yadda aka yi, na ce shayi. Ta ce shayin nan da yawa yake. Sai kawai na faɗa mata, idona a kan takalmina. Duka, har da sanyin.

"Who told you that, love?"

Ta ce mahaifa ba ɗaki ba ce da ake bar wa taga a buɗe. Ta tambayi zazzaɓi, wari, zubar jini mai yawa. Babu. Ta ce to babu alamar wani abu ya lalace, al'ada kan dawo cikin sati huɗu zuwa shida, kuma mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta dawo, in kula. Ta miƙo wata takardar.

Na ce to. Kowa da abin da yake miƙo min.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Na kira Anti daga bus stop, na gaya mata na ƙone. 

"Ni na yi arba'in ɗin cif," ta ce. "A Zariya. Har da ganyen."

Na ce, "Anti..."

"Ki ajiye kettle ɗin nan, kin ji ko? Shayi ake dafawa da shi." Sai ta ce tana da shift a wurin aiki, ta kashe.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Sati huɗu. Ba komai.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ba komai. Ina shiga banɗaki sau goma a rana ina dubawa. Mama ta ce ko ciwon sanyi ne. Junaidu ya turo "hey".

Alhamis, 5 ga Disamba

A bas mai lamba 192 ya fara, wajen Levenshulme, ina dawowa daga gidan su ƙawata Chloe. Ciwon mara irin na da, mai sauka har gwiwa. Na sauka kafin stop ɗina na tako da ƙafa, ban san dalili ba. Ana yayyafi.

Jinin ja ne sosai. Na daɗe a zaune a banɗaki.

Da magariba Mama ta kira ni alwala, na ce ina fashi. Ta ce, "Sannu. Akwai paracetamol a kan firij." Ta shafa kaina ta wuce.

Na turo wa Anti: ya zo. Ta turo alhamdulillahi sau uku, ba ta ƙara komai ba.

Ba wai yana nufin wani abu ba ne. Nas ta ce haka ake yi, kowa ma. Na ci tuwo malmala biyu, yunwa ce kawai.

Maganin yana nan a tafin hannuna tun ɗazu. Ciwon na da ƙarfi, har ya sa min hawaye. Zan sha. Bari dai ya ɗan ƙara yi tukuna.