Dariyar Hadiza Ba Raina Tuta Ba Ce

Zuwa ga Mai girma Shugaban makarantar unguwarmu, Filinge.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ni ne Idi tela, mijin Rabi mai ƙosai a bakin ƙofar makarantarka, kuma uban Hadiza, yarinyar da ka kora daga bakin ƙofar ranar Litinin.

Na ɗaya. Ban musa ba, Hadiza ta yi dariya ana ɗaga tuta, kumandan soja yana tsaye, kowa ya ƙame. Ta ƙyalƙyale har da tafi. Amma ranka ya daɗe, ta yi irin wannan dariya a jana'izar kakanta, ta yi ta ranar da kunama ta harbe ni. Shekararta bakwai ba ta taɓa furta kalma ba, ban ga yadda za ta shiga adawa da gwamnatin soja ba.

Na biyu. Mun sha yawo kafin mu gane. A garin Sanam aka ce aljani ne mai fara'a, aka yi mata turare har gashin uwarta ya kama wuta. Sai likita a Yamai ya ce wani ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba. Ƙwaƙwalwa tana da sinadarai masu kai saƙo tsakanin jijiyoyi, wasu su ce tashi, wasu su ce dakata. Na dakatawar ne suka yi wa Hadiza ƙaranci, kamar motar kasuwa ce mai lafiyar inji ba birki. Shi ya sa take dariya, take tangaɗi, wani lokaci ta faɗi. Takardar likitan tana hannuna da Faransanci, ni ban iya karantawa ba, kai ka iya.

Na uku. Ka ce a koya mata ladabi. Wallahi na ji zafin wannan magana. Bakin ƙofarka ne kaɗai wurin da yara ke wasa da ita, suna tafa mata tana tafa musu.

Roƙona, ka bar ta ta dawo gefen kaskon uwarta. Lokacin tuta Rabi za ta zagaya da ita bayan katanga, don kada ƙasa ta girgiza.

Tun Litinin, da ta ji ƙararrawarku sai ta riƙe ƙyauren gida tana dariya. Maƙwabta suna cewa ashe ba ta damu ba. Uwarta ce ke share mata hawayen.

Allah ya ƙara maka girma, ya raya naka lafiya.

Wassalam.
Idi tela, kasuwar Filinge.